Wa Zai Riƙe Mabuɗin Kirifto Ɗinka: Dandalin Musaya, Wayarka, Na'ura, ko Hannu Uku?

Wanda ya sayi Bitcoin ko Ether ko wani kuɗin kirifto, abin da ya mallaka a gaskiya lamba ce guda ɗaya mai tsawon gaske, wadda ake kira mabuɗin sirri. Kuɗin ba sa cikin wayarsa, ba sa cikin kwamfutarsa. A rubuce suke cikin kundin bulokcen, wanda dubban kwamfutoci a faɗin duniya ke riƙe da kwafinsa. Kundin nan bai san sunan kowa ba, ba ya duba fuska, ba ya neman katin shaida. Sa hannun da aka yi da mabuɗi kaɗai yake ganewa. Duk wanda ya sa hannun, mai dukiyar ne ko ɓarawo, maganarsa ta zauna, kuma da zarar ta shiga kundi babu ofishin da za a je a ce a janye ta.

Ta fuskar lissafi mabuɗin ba shi da matsala. A Bitcoin da Ethereum lamba ce mai bit 256, kuma yawan lambobin da za su iya zama mabuɗi ya kai kimanin 1 da sifili 77 a bayanta. Ko an haɗa kwamfutocin duniya kaf suna canka dare da rana, ba za su faɗa kan mabuɗin da aka ƙirƙira yadda ya kamata ba. Manyan asarorin da aka tafka tun daga 2009 zuwa yau ta wasu ƙofofi suka shigo: yadda aka ƙirƙiri mabuɗin, inda aka ajiye shi, idon da ya gan shi, da abin da aka sa wa hannu da shi ba tare da an karanta ba.

Haɗari biyu ne ke gaban mai mabuɗi, sata da ɓata, kuma abin da ke rage ɗaya shi yakan ƙara ɗayan. Ka yawaita kwafi don kada ya ɓata, ka yawaita wuraren da ɓarawo zai iya tarar da shi. Ka ɓoye shi da dabara mai yawa don kada a sace, wata rana kai da kanka ka kasa kaiwa gare shi. Da wannan ma'auni ya kamata a auna kowace hanya, sannan mutum ya duba halinsa: shi mai mantuwa ne, ko mai saurin amincewa da abin da ya gani a allo?

Barin mabuɗi a hannun dandalin musaya

Hanya mafi sauƙi ita ce ka bar kuɗin a dandalin da ka saye su, irin su Binance, Coinbase ko Kraken. A nan ba ka da mabuɗi kwata-kwata. Kamfani ne ke riƙe da shi, kai kuma kana da asusu da kalmar shiga da alkawarin cewa duk ranar da ka nema za a ba ka. Tsofaffin hannu a harkar suna yawan raina wannan hanya, amma tana da alfanun da sauran ba su da shi. In ka manta kalmar shiga, akwai wanda za ka tuntuɓa ka nuna shaida a buɗe maka. In ka rasu, magadanka na iya gabatar da takardu su karɓa. Ta ɓangaren ɓata dai, ita ce ta fi kowace hanya yafiya.

Matsalar ita ce alkawari ne kake riƙe da shi, kuma tarihi ya nuna yadda ake karya shi. Mt. Gox na birnin Tokyo ya taɓa zama dandalin da mafi yawan cinikin Bitcoin na duniya ke bi ta cikinsa. A watan Fabrairun 2014 ya rufe, aka ce Bitcoin kusan 850,000 sun ɓace. Daga baya an gano kimanin 200,000 a wani tsohon walet, wato ma'ajiyar mabuɗi, amma masu kuɗin ba su fara karɓar rabonsu ba sai a watan Yulin 2024, shekara goma ke nan suna jira. QuadrigaCX na Kanada kuwa, shugabansa Gerald Cotten ya rasu a Indiya a watan Disamban 2018, aka ce shi kaɗai ya san hanyar shiga ma'ajiyar. Da hukumar kula da hannayen jari ta Ontario ta kammala bincike a 2020, sai ta tarar tun yana raye ya salwantar da yawancin kuɗin ta hanyar zamba. FTX ma haka. A watan Nuwamban 2022 ya durƙushe bayan an karkatar da kuɗin masu ajiya, kusan dala biliyan 8, zuwa kamfanin Alameda Research. An yanke wa wanda ya kafa FTX, Sam Bankman-Fried, ɗaurin shekara 25 a 2024, masu ajiya kuma aka lissafa musu haƙƙinsu da darajar dala ta ranar da kamfanin ya faɗi, lokacin da kasuwa ke ƙasa.

Abin lura a biyu daga cikin ukun nan shi ne ɓarnar daga cikin gida ta fito. Shi ya sa takardar shaidar ajiya da wasu dandaloli ke wallafawa ba ta gamsar da ni ba gaba ɗaya. Tana nuna abin da suke da shi a wata rana, ba ta nuna bashin da ake bin su ba.

Ko kamfanin yana da gaskiya, asusunka na iya zama ƙofa. Ɓarayi kan yaudari kamfanin waya ya mayar musu da layinka, sai lambar tabbatarwa ta koma zuwa wayarsu. A watan Mayun 2025 Coinbase ya bayyana cewa an bai wa wasu ma'aikatan sashen kula da abokan ciniki cin hanci suka fitar da bayanan mutane, aka yi amfani da su wajen kiran waya na yaudara. Don haka wanda zai zauna a dandalin musaya ya daina dogaro da saƙon tes. Ya koma manhajar da ke samar da lambar tabbatarwa a cikin wayar kanta, ko ya sayi ɗan mabuɗin tsaro na hannu irin YubiKey, sannan ya kunna tsarin da ke hana cire kuɗi sai zuwa adireshin da ya riga ya yi wa rajista. Hanyar ta dace da sabon shiga, da mai saye da sayarwa kullum, da kuɗin da rashinsu ba zai girgiza gida ba.

Walet a waya ko a burauza

Da ka sauke MetaMask, Trust Wallet, Phantom ko makamancinsu, mabuɗi ya dawo hannunka. Abu na farko da manhajar za ta nuna maka shi ne kalmomi 12 ko 24. Wannan tsari ne da ake kira BIP39, wanda aka fito da shi a 2013: akwai jerin kalmomi 2,048, manhaja ta samar da lamba ta kan-mai-uwa-da-wabi, ta mayar da ita kalmomi don ɗan Adam ya iya rubutawa ba kuskure. Daga waɗannan kalmomin ake haifar da dukkan mabuɗanka da adireshinka, na yau da na gobe. Wanda ya same su ba ya bukatar wayarka ko lambar buɗe ta. Zai zuba su a wani walet a wata ƙasa ya kwashe komai.

Daɗin walet na waya a bayyane yake: babu mai daskarar maka da asusu, babu kamfanin da zai faɗi da kuɗinka, kuma cikin daƙiƙa kaɗan ka aika. Amma mabuɗin yana zaune ne a na'urar da kake buɗe saƙonni da ita, kake sauke manhajoji, kake latsa duk mahaɗin da aka turo maka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wayar yau da kullum kuwa tsaguwarta da yawa. Akwai manhajojin bogi masu kama da na gaskiya. Akwai ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke jiran ka kwafi adireshi su musanya shi da nasu. Akwai masu laluben hotunan waya suna neman hoton kalmomi 12, domin sun san mutane da dama hoto suke ɗauka, hoton kuma ya hau ma'ajiyar intanet ba tare da mai shi ya lura ba.

Wani lokaci ma mai walet bai yi laifin komai ba. A watan Agustan 2022 an kwashe dubban walet na kuɗin kirifton Solana, aka gano manhajar walet ta Slope tana aika kalmomin mutane a buɗe zuwa wata kwamfutar tattara bayanan kurakurai. A watan Yunin 2023 masu amfani da Atomic Wallet suka wayi gari an yashe su. Akwai kuma nau'in da ya fi ba ni tsoro, wato rauni tun daga haihuwar mabuɗin. A ƙarshen 2022 an gano cewa walet ɗin da aka ƙirƙira da Trust Wallet na burauza a wasu kwanaki na watan Nuwamba, daga lamba mai bit 32 kacal aka samo su. A 2023 aka sake samun irin wannan a manhajar Libbitcoin Explorer. Bit 32 na nufin zaɓi kusan biliyan 4 da ɗoriya, abin da kwamfuta ta gari ke iya bi ɗaya bayan ɗaya. Kalmomin sun yi kama da na kowa, mai su ya ɓoye su da kyau, amma tun ranar farko ana iya lissafo su.

Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa zaɓar wa kai jimla a haddace a mayar da ita mabuɗi ba hanya ba ce. Masu kutse sun daɗe da gwada baitoci da karin magana da layukan littattafai, suna da manhajojin da ke gadin irin waɗannan adireshi, kuɗi na shiga ana ɗaukewa. Haka nan zuba kalmomi 12 a manhajar ajiye kalmomin shiga. A 2022 an sace kwafin ma'ajiyar masu amfani da LastPass, bayan haka masu bincike suka alaƙanta jerin sace-sacen kirifto da mutanen da suka ajiye kalmominsu a ciki.

Walet na waya kuɗin aljihu ne. A sa masa abin da ake bukata na 'yan kwanaki.

Na'urar ajiye mabuɗi

A nan ne maganar ta fi faɗi, domin ita ce hanyar da na fi ba wa yawancin mutane shawara a kai, kuma ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta. Trezor na kamfanin SatoshiLabs da ke Prague ita ce ta fara fitowa a 2014, sai Ledger na Faransa, sai Coldcard na Kanada, da BitBox, da Jade, da Keystone. Dabarar duk ɗaya ce. A cikin na'urar ake ƙirƙirar mabuɗi, kuma a ciki yake zama. Kwamfuta ko waya ta shirya cinikin, ta miƙa wa na'urar, na'urar ta nuna maka a ɗan allonta nawa ne kuma ina za su, ka danna maɓalli, ta sa hannu, ta mayar da sa hannun kaɗai. Ko kwamfutarka cike take da ƙwayoyin cuta, mabuɗin bai taɓa ta ba. Wasu irin Coldcard da Keystone ba sa ma bukatar a jona su da waya ko kwamfuta. Ta katin memori ko hoton lambar QR ake kai cinikin a dawo da shi.

Ɗan allon nan shi ne rabin amfanin na'urar, kuma shi mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Akwai wata yaudara da ɓarawo ke ƙirƙirar adireshi mai farko da ƙarshe iri ɗaya da wanda ka saba aika wa, ya turo maka ɗan ƙaramin kuɗi don adireshin ya shiga tarihin cinikinka, yana jiran ka kwafa daga can. A watan Mayun 2024 wani ya aika wa ɓarawo WBTC 1,155 ta wannan hanya, wato kuɗin kirifto da kowane ɗaya ke tsaye a madadin Bitcoin ɗaya. Na'ura ba ta hana irin wannan sai in ka karanta adireshin duka a allonta. Haka nan a Ethereum da makamantansa, shafin damfara ba ya bukatar mabuɗinka. Izini yake nema ka sa wa hannu, wanda ke ba wata yarjejeniyar kwamfuta, wato manhajar da ke aiki da kanta a kan bulokcen, damar ɗibar kuɗinka ba iyaka. Ka sa hannu da na'ura mafi tsada a duniya, kuɗin sun tafi.

Tsakanin na'urorin kansu akwai bambancin da ya cancanci a tsaya a kai. Ledger ta dogara da guntun lantarki na musamman mai wahalar fasawa, irin na katin banki da fasfo, amma wani ɓangare na manhajar cikinta a rufe yake, ba kowa ke iya dubawa ba. Trezor ta ɗauki hanyar buɗe komai ga masu bincike, sai dai tsofaffin samfuranta ba su da irin wancan guntun. A farkon 2020 masu binciken tsaro na Kraken suka nuna cewa wanda ya riƙe Trezor One ko Model T a hannunsa, da kayan aiki da ƙwarewa, zai iya zaro kalmomin cikin kimanin minti 15. Daga 2023, da fitowar Safe 3, Trezor ta ƙara guntun tsaron. Ledger kuma a watan Mayun 2023 ta sha suka da ta sanar da tsarin Ledger Recover, wanda ke raba kalmomin mai na'ura gida uku a rufe ya aika wa kamfanoni uku. Sai wanda ya so yake shiga, amma ya tuna wa jama'a gaskiyar da ta shafi kowace na'ura: manhajar ciki tana iya taɓa mabuɗi, saboda haka akwai gwargwadon amanar da kake ba maƙerin. In tsoronka a sace na'urar ne daga hannunka, guntun tsaro ya fi muhimmanci. In tsoronka kamfanin ne, buɗaɗɗiyar manhaja ta fi. Sababbin samfura da dama sun haɗa biyun, kuma su zan fara dubawa.

Yadda aka sayi na'urar ma yana da nasa haɗarin. A 2020 an kutsa rumbun bayanan cinikin Ledger, aka watsa imel kusan miliyan 1 da sunaye da adireshin gida da lambobin waya na mutum kusan 272,000. Ba a taɓa mabuɗin kowa ba, amma an san wa ke da kirifto da inda yake kwana. Wasu daga cikinsu aka aika musu da na'urorin bogi ta gidan waya da wasiƙar cewa su zuba kalmominsu a sabuwar. Ka saya kai tsaye daga maƙerin ko dilan da ya amince da shi, kada ka sayi ta hannu, kuma duk na'urar da ta zo da kalmomi a rubuce cikin kwali tarko ce.

Kalmomin ne dukiyar

Na'ura na iya lalacewa, ta faɗa ruwa, ko ta goge kanta. Ledger tana gogewa bayan an kuskure lambar sirri sau 3, Trezor bayan sau 16. Duk wannan ba asara ba ce muddin kalmomin suna nan. Ka sayi wata ka zuba su. Asara ita ce rasa hanyar dawowa. James Howells na Newport a Wales, a 2013 aka jefar da rumbun kwamfutarsa mai ɗauke da mabuɗin Bitcoin kusan 8,000 a juji. Ya shafe sama da shekara goma yana neman izinin haƙa, a watan Janairun 2025 kotu ta yi watsi da ƙararsa. Stefan Thomas yana da mabuɗin Bitcoin 7,002 a cikin IronKey, wata 'yar na'urar USB mai kulle, mai ba da damar gwada kalmar shiga sau 10 kacal. Ya ɓatar da takardar da ya rubuta ta, kuma lokacin da labarinsa ya bazu a 2021 saura masa gwaji 2. Babu ɓarawo a labarin ko ɗaya.

Takarda ta wadatar a fara da ita, amma wuta da ruwa da gara duk suna cin ta, tawada kuma tana dusashewa. Farantin ƙarfe marar tsatsa da aka buga kalmomin a kai ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,300, abin da gobarar gida ba ta cika kaiwa ba. Haruffa huɗu na farko na kowace kalma sun isa, domin an tsara jerin ta yadda babu kalmomi biyu da suka yi tarayya a cikinsu. Kwafi biyu a wurare biyu masu nisa da juna ya fi kwafi ɗaya, ya kuma fi biyar.

Akwai ƙarin kalmar sirri da ake iya ɗorawa a kan kalmomi 12 ko 24. Amfaninta babba ne: wanda ya tsinci farantin ƙarfenka zai tarar da walet daban, kuma ita ce maganin harin da Kraken suka nuna. Haɗarinta shi ne na'urar ba ta cewa ka yi kuskure. Kowace kalma ka shigar, walet za ta buɗe maka, sai dai in harafi ɗaya ya canja za ka ga fayau babu komai. Wanda zai yi amfani da ita dole ya rubuta ta, ya ajiye a wurin da ba na kalmomin ba. Wanda ya ce zai riƙe a ka, ina jiye masa garin neman gira a rasa ido.

Raba kalmomin gida biyu da hannu, rabi nan rabi can, dabara ce da ke ƙara haɗarin ɓata, tunda rasa rabi ɗaya rasa duka ne. Hanyar da ta dace ita ce lissafin raba sirri da Adi Shamir ya wallafa a 1979, wanda Trezor ta shigo da shi a 2019 da sunan SLIP-39. Ana iya yin kaso 3 a ce kowane 2 sun isa; mai kaso ɗaya bai san komai ba, ɓatan ɗaya kuma bai hana komai ba. Illarsa ita ce ba kowane walet ke karɓarsa ba.

Sa hannu fiye da ɗaya

Wannan ma, kamar rabon Shamir, hanya ce da ke rage sata da ɓata a lokaci guda. Ana ƙirƙirar mabuɗai daban-daban, misali 3, a ɗaure kuɗin da sharaɗin sai 2 daga ciki sun sa hannu. A sace ɗaya, ɓarawo bai samu komai ba. Ɗaya ya ƙone, biyun sun ishe ka ka kwashe zuwa sabon wuri. Bambancinsa da rabon Shamir yana da muhimmanci: a Shamir sai an haɗa kason a na'ura ɗaya mabuɗin ya dawo cikakke, a wannan lokacin kuma ana iya sace shi. A nan kuwa kowane mabuɗi yana sa hannu daga inda yake, ba sa taɓa haɗuwa. In aka yi amfani da na'urori daga maƙera daban-daban, raunin kamfani ɗaya ma bai isa ya kayar da kai ba.

Kuɗin da ake biya shi ne wahala. A Bitcoin, mabuɗai 2 kaɗai ba su isa a dawo da walet ba. Sai da bayanin tsarin, wanda ya ƙunshi mabuɗan fili na dukkan ukun, wato lambobin da ake samo adireshi daga gare su amma ba sa iya sa hannu. Dole a ajiye kwafinsa tare da kowane mabuɗi, kuma nan ne masu haɗa wa kansu suka fi tuntuɓe. Kamfanoni irin su Casa da Unchained suna riƙe mabuɗi ɗaya su bar maka biyu, su taimaka da tsarin da maganar gado, ba tare da sun iya motsa kuɗin su kaɗai ba. A Ethereum kuwa yarjejeniyar kwamfuta ce ke yin aikin, don haka kuskure a rubutunta kuskure ne a kan kuɗinka. A watan Nuwamban 2017 wani ya goge wani ɓangaren manhajar Parity da ɗaruruwan walet suka dogara da shi, Ether sama da 500,000 suka daskare har yau.

Labarai biyu sun nuna iyakar wannan hanya. Gadar Ronin, manhajar da ke tsallakar da kuɗi daga wani bulokcen zuwa wani, a lokacin tana bukatar sa hannu 5 cikin 9, amma 4 suna hannun kamfani ɗaya, wanda kuma yake da damar amfani da na biyar. A watan Maris na 2022 aka kwashe sama da dala miliyan 600. Yawan mabuɗai ba shi da amfani in ƙofa ɗaya ke kaiwa gare su. Na biyu shi ne dandalin musaya na Bybit, ranar 21 ga Fabrairun 2025, satar da ta kai kusan dala biliyan 1.5, wadda hukumar FBI ta ɗora wa Koriya ta Arewa. Mabuɗan suna ma'ajiyar da ba ta kan intanet, masu sa hannun da yawa ne, babu mabuɗin da aka sace. Shafin Safe, manhajar sa hannu da yawa da suke duba cinikin a kai, shi aka gurɓata, ya nuna musu abu ɗaya, suka sa hannu a kan wani. Duk sun kalli allo iri ɗaya, don haka ƙarya ɗaya ta ishe su duka.

Akwai wasu hanyoyi biyu masu kama da wannan. Ɗaya ita ce wadda ake raba mabuɗin tun asali tsakanin wayarka da kwamfutar kamfani, su haɗu su sa hannu ba tare da cikakken mabuɗi ya taɓa samuwa a wuri ɗaya ba, kamar yadda Zengo da Fireblocks ke yi. Ɗayar ita ce naɗa amintattu da za su iya haɗuwa su sauya maka mabuɗi in ka rasa naka, wadda Argent ta yi fice da ita. Dukansu sun sauƙaƙa wa mai tsoron kalmomi 12. Tambayar da za ka yi kafin ka shiga ita ce yadda za ka fitar da kuɗinka ranar da kamfanin ya rufe, kuma ka ga amsar a rubuce.

Abubuwan da ke karkata ma'aunin

Wanda aka ritsa da makami, duk lissafin duniya bai tsare shi ba. A watan Janairun 2025 aka sace David Balland, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ledger, tare da matarsa a Faransa, aka yanke masa yatsa kafin jami'an tsaro su ceto su. Kariya ta farko ita ce kame baki game da abin da ka mallaka. Ta biyu ita ce tsarin da kai kaɗai a wuri ɗaya ba ka iya motsa manyan kuɗin, wanda shi ma hujja ce ga sa hannu 2 cikin 3.

Gado ma yana sauya lissafi. Dandalin musaya yana da hanyar magada, na'ura ba ta da ita sai wadda ka shirya. Ka bar takarda mai bayanin abin da ke akwai, da inda kowane abu yake, da wanda za a nema ya taimaka, ba tare da kalmomin kansu a cikinta ba.

Batun kwamfutar kwantam, sabon nau'in kwamfuta da ake kan ƙerawa, wadda lissafin Peter Shor na 1994 ya nuna za ta iya karya irin wannan sa hannu, gaskiya ne ana shirinsa. Hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idojin tsaro masu jure wa irin wannan kwamfuta a watan Agustan 2024. Sai dai ya shafi dukkan hanyoyin nan daidai wa daida, don haka bai shiga zaɓinka na yau ba.

A ganina, wanda kuɗinsa ba su kai ya damu da rashinsu ba, ya zauna a babban dandali mai rajista da tsaro mai kyau har ya koyi harkar. Da sun kai adadin da asararsa za ta hana shi barci, ya sayi na'ura, ya buga kalmomin a ƙarfe, ya bar kaɗan a waya don hidimar yau da kullum, kuma ya ware walet daban da zai riƙa haɗawa da shafuka. In sun zama babban kaso na dukiyarsa, ko na kamfani ne, ko na mutane da yawa, ya koma 2 cikin 3. Tsallake mataki yana da haɗari daidai da tsayawa a baya, domin tsarin da mai shi bai fahimta ba shi ne ya fi saurin cinye shi.

Kowace ka zaɓa, ka gwada ta kafin ka ɗora mata nauyi. Ka aika ɗan ƙaramin kuɗi, ka goge na'urar da gangan, ka dawo da ita daga abin da ka rubuta, ka tabbatar adireshin farko bai canja ba, sannan ka aika kuɗin waje ka ga sun fita. In sa hannu 2 cikin 3 ne, ka gwada kowane haɗi na biyu-biyu. Bayan haka ka sa rana sau ɗaya a shekara ka duba ƙarfen yana inda ka bar shi, na'urar tana kunnuwa, kuma wanda ka bar wa takardar gado har yanzu ya san inda take.